Filash ya ƙi fitowa a kwamfuta? Kar ka taɓa fomat tukuna

Salamu alaikum 'yan uwa. Maganar filash ce, wannan da za ka soka a kwamfuta ta yi shiru abinta, ko kuma ka ji ƙarar da ta saba yi in an saka abu amma ka buɗe This PC ka duba sama ka duba ƙasa babu shi. Aikina ke nan a nan Aboabo cikin Kumasi, buga takardu da gyaran kwamfuta, kuma masu kawo min wannan matsalar ba kuɗin filash ɗin ke damunsu ba, abin da ke ciki ne, ɗalibi da aikinsa na ƙarshen shekara, hajiya da hotunan bikin 'yarta, malamin Islamiyya da sakamakon jarrabawar yara. Shi ya sa nake so ka riƙe tsarin nan: a fara ceto fayil, gyaran filash ya biyo baya. In kwamfuta ta fito maka da saƙo wai sai ka yi fomat kafin ka yi amfani da shi, dan Allah danna Cancel, kuma kar ka sake zuba komai a ciki ko da hoto ɗaya ne.

Fara da abin da hannu zai iya. Cire shi ka saka a wani ramin USB, in kwamfutar tebur ce ka zagaya baya, ramukan baya a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, wato madabod, suke kai tsaye, na gaba kuwa waya ce ke haɗa su kuma tana yawan saki. In ta cikin hob ɗin nan mai baki huɗu ka saka, cire shi, domin ramin USB 2.0 wutar da yake bayarwa miliamf 500 ce, na 3.0 wanda galibi cikinsa shuɗi ne 900, toh in maus da kibod da cajin waya duk suna sha daga rami guda me zai rage wa filash? Sannan ka haska tocilan waya cikin bakinsa ka leƙa. Filash da ke yawo a aljihu tare da makullai, ga ƙurar hunturu, za ka ga auduga ta dunƙule a can ƙuryar ta rufe layukan nan masu ruwan zinari. Tsinken sakace ya isa, a hankali, banda allura ko fil. 'Yan uwanmu na Nima da Mamobi da sauran Ankara, wato Accra, ku duba tsatsa ma, iskar teku ba ta barin ƙarfe. Bayan nan ka yi Restart, ba Shut down ba, don a Windows 10 da 11 kashewar ba ta sauke komai gaba ɗaya, tana ajiye wani abu don ta tashi da wuri, matsalar sai ta taso tare da ita. In duk bai yi ba gwada a kwamfutar wani, ko a wayar Android da ɗan mahaɗin OTG, wanda ake soka filash a waya da shi. Ya buɗe a can? Kwashe fayilolinka yanzun nan, laifin kwamfutarka ne.

Yanzu wurin da ake gane gaskiyar lamarin. Danna maɓallin Windows tare da R, a akwatin da ya fito ka rubuta

diskmgmt.msc

ka danna Enter. Disk Management ke nan, a ƙasa za ka ga Disk 0, Disk 1 da sauransu a jere, nemi wanda aka rubuta Removable kuma girmansa ya yi kusa da na filash ɗinka. Kar ka damu in na giga 16 ya nuna sha huɗu da wani abu, haka lissafin yake. Abin da ka gani a wannan layin shi zai gaya maka ko ka yi murna ko ka fara haƙuri.

In ka ga girmansa daidai, an rubuta Healthy, amma babu harafi irin E: ko F: a jikinsa, alhamdulillahi ƙaramin abu ne. Danna shi da hannun dama na maus, zaɓi Change Drive Letter and Paths, Add, ka ba shi harafin da babu mai shi, shikenan zai fito.

In kuma RAW ka gani, ko baƙin layi da Unallocated, nan ne mutane ke yin asara da hannunsu. Fayilolin na nan galibi, jadawalin da ke gaya wa kwamfuta inda kowanne yake ne ya lalace, kamar littafin bashin mai shago ne da shafin sunaye ya yage, lissafin na ciki bai je ko'ina ba. Abin da ke jawo shi yawanci fizge filash ana cikin kwafi, ko dumso ya ɗauke wuta aiki bai ƙare ba. Maganinsa manhajar ceto, ni TestDisk da PhotoRec nake amfani da su, tare suke zuwa, kyauta ne, ka sauke daga shafin CGSecurity ba daga shafukan da ke cika ka da tallace-tallace ba. Fuskar TestDisk baƙa ce babu ado, da kibiyoyin kibod ake tafiya, kar ta tsorata ka. Zaɓi filash ɗin, Proceed, ka bar nau'in da ta zaɓa da kanta, Analyse, Quick Search, in ta gano sashen filash ɗin da fayilolinka suke sai ka danna P, wallahi sau da yawa za ka ga foldojinka da sunayensu a jere, ka kwafe su zuwa kwamfuta. In TestDisk ba ta gano komai ba sai PhotoRec, ita ba ruwanta da jadawali, tana bin filash ɗin daga farko har ƙarshe tana tsinto duk abin da ya yi kama da hoto ko takarda ko bidiyo, sai dai sunayen ba sa dawowa, za ka samu foldoji masu suna recup_dir cike da fayiloli masu lamba, sai ka zauna da shayinka ka buɗe ɗaya bayan ɗaya. Yana cin lokaci, a haɗa laftof da caji. Kuma ka ji wannan da kyau, inda za ta ajiye abin da ta tsinto ya zama cikin kwamfuta ko wani filash daban, in ka ce ta ajiye a wanda ake ceto to tana taka abin da take nema ke nan.

Za ka ji masu cewa a yi chkdsk. A kan RAW ba ya ma aiki, zai gaya maka da kansa, a kan wanda ke buɗewa da kyar kuma yana iya gyarawa amma wani lokaci sai ya mayar da fayiloli guntu-guntu cikin wata folda FOUND.000, don haka ni ba na sa shi sai na riga na kwashe abin da zai kwasu. In kuma ka riga ka yi fomat kafin ka karanta wannan, kar ka fidda rai, in Quick Format ne kuma ba ka zuba sabon abu ba PhotoRec ko Recuva na iya dawo da da yawa. Cikakken fomat kuwa tun daga Windows Vista yana rubuta sifili a ko'ina, wannan ya tafi.

Akwai wanda zai nuna lafiya lau amma Windows ba ta gane shi, tambayi mai shi ko a MacBook aka yi masa fomat. Tsarin APFS na Apple Windows ba ta karanta shi, a mayar da shi kan Mac a kwashe, ba wani ciwo.

Wanda ba na son gani shi ne No Media, harafi ya fito amma girma sifili. Ma'anarsa ƙaramin guntun da ke tafiyar da filash ɗin yana amsawa amma ya kasa magana da ma'ajiyar da fayiloli ke ciki, babu manhajar ceton da za ta yi aiki a kan abin da ba shi da girma. A intanet za ka ga manhajojin masana'anta da ake cewa suna tayar da shi, eh wani lokaci suna tayarwa, amma share komai suke yi. In abin ciki na da muhimmanci sai masu ceton bayanai da ke ciro ma'ajiyar su karanta ta da na'ura, kuma ba arha.

Toh in bai fito a Disk Management ba sam fa? Windows da R kuma, rubuta devmgmt.msc, sauka ƙasa ka buɗe Universal Serial Bus controllers. In ka ga alamar ruwan ɗorawa da Unknown USB Device, ko Code 43 a cikin bayaninsa, danna dama ka yi Uninstall device, cire filash, Restart, ka mayar, Windows za ta sake ɗora direban da kanta. Kana nan kuma ka buɗe kowane USB Root Hub, shafin Power Management, ka cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ramin don tattalin wuta, laftof na yawan yin wannan in batir ya yi ƙasa. In a kowace kwamfuta saƙon ɗaya ne, filash ɗin ne. Duba wuyansa ko ya lanƙwashe, irin na wanda aka buge da gwiwa yana jikin kwamfuta. In kana ɗan taɓa shi yana haɗuwa yana yankewa, dalmar da ta riƙe bakin ce ta saki, ka daina murɗa shi kar layukan allon su ɓalle, kai shi wurin masu gyaran waya a Adum wanda hannunsa ya faɗa da ƙananan walda, ka ce masa malam kwashe kaya kawai nake so ba ado ba. Ƙananan nan kamar farce da aka zuba su a dunƙule ba su da abin da za a yi wa walda. In kuma yana zafi har ba ka iya riƙewa cire shi nan take.

Sai ɗayar matsalar da ta fi yawa a zango saboda yawon kafe da shagunan firintin, filash ya buɗe amma wayam, ko duk foldoji sun koma shotkot masu 'yar kibiya. Kar ka danna ko ɗaya, dannawar ce ke sakin bairos ɗin cikin kwamfutarka. Duba Properties, in ya nuna akwai giga a cike to kayanka na nan, ɓoye su aka yi. Fara sikanin da antibairos, Defender na Windows ma ya isa in yana da sabuntawa, sannan ka danna Windows da R, ka rubuta cmd ka danna Enter, a baƙin akwatin da ya buɗe ka rubuta

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

ka sa harafin naka a madadin E. Wani lokaci za ka ga wata folda marar suna ta fito, buɗe ta, komai na ciki. Kwashe, ka goge shotkot ɗin da duk wani baƙon fayil mai ƙarewa da vbs ko exe da ba kai ka saka ba. Kwamfutar da ta shafa masa ma tana buƙatar wanki in ba haka ba gobe ma haka.

Kaya sun tsira, yanzu kana iya fomat da kwanciyar hankali. In ya ƙi ta hanyar da aka saba, buɗe cmd a matsayin administrator, rubuta diskpart, sai list disk, ka dubi girma da idon basira, select disk da lambar filash, sai clean. Ka sake duba lambar kafin Enter, domin clean ba ya tambayar ko ka tabbata, kuma in diskin bakof ɗinka ka zaɓa shi zai share. Daga nan ka koma Disk Management ka yi New Simple Volume. FAT32 shi ne rediyon mota da talabijin da sifikun da ake sa karatu da wa'azi suka fi ganewa, amma ba ya ɗaukar fayil guda da ya kai giga 4, in bidiyon biki ne mai nauyi sai exFAT, wanda Windows da Mac duk suna karantawa suna rubutawa. Wanda ke cewa write protected, gwada attributes disk clear readonly a cikin diskpart bayan ka zaɓe shi, in bai saki ba galibi ma'ajiyar ce ta gaji ya kulle kansa, ka sayi wani.

Sabon da za ka saya kuma ka gwada shi kafin ka ba shi amana, musamman masu arhar nan na bakin titi da aka rubuta giga 128 ko tera 1 a jiki. Da yawa ƙananan ma'ajiya ce aka sa ta yi ƙaryar girma, za ka zuba kaya ya karɓa ba musu, in ya wuce ainihin cikinsa sai fayiloli su riƙa lalacewa, sunansu na nan amma ba sa buɗewa, irin wannan kuma PhotoRec ba ta da abin tsinta tunda ba a taɓa ajiye su ba. H2testw ita ke tona shi, kyauta ce, ka sa filash ɗin babu komai a ciki, ka zaɓi duk sararin, ta cika shi ta sake karantawa. In ta gama ba kuskure ka goge fayilolin gwajin ka ci gaba da aikinka, in ta nuna ja da adadin da ya ɓace ka ɗau hoton sikirin ɗin da waya ka koma wurin mai sayarwa da shi.