Yadda Ake Zaɓar Jakar Birki da Amfani da Ita Don Rage Gudun Jirgi a Wurin Kamun Kifi

Duk wanda ya taɓa kashe inji a tsakiyar tafki ya jefa ƙugiya ranar da iska ke kaɗawa ya san wannan takaicin. Ka samu inda kifi ya taru, ka saki dalma, wato nauyin da ke nutsar da ƙugiya, kafin ta taɓa ƙasa iska ta riga ta tura jirgin gaba. Zare ya miƙe can baya, abincin da ke jikin ƙugiya yana lilo kusa da saman ruwa inda babu kifi. Anga za ta tsayar da kai cak a wuri guda, alhali abin da kake so shi ne ka riƙa tafiya sannu-sannu kana share wurin. Aikin jakar birki ke nan.

Jaka ce ta yadin nailan mai siffar mazurari, bakinta da faɗi, gindinta tsukakke da 'yar ƙofa da ruwa ke fita. Ana ɗaure ta da igiya a jikin jirgi a sake ta cikin ruwa. Da iska ta tura jirgin sai ta cika ta buɗe kamar lema, jirgin ya koma yana jan wannan tulin ruwa a duk inda ya nufa, dole gudunsa ya ragu.

Ka riƙe abu ɗaya tun kafin ka kashe kuɗinka: iska jakar ke yi wa birki, ba gudun ruwa ba. A kogin da ruwa ne ke tafiya da jirgi, jakar da jirgin tare ruwan yake ɗauke da su, don haka babu abin da za ta rage. Idan ma iska na busowa daga inda ruwan ya nufa, jakar za ta kama gudun ruwan ta ƙara ja ka ta wajen da yake gangarawa. Wasu gwanaye da gangan suke yin hakan don jirgi ya daidaita da tafiyar ruwa, amma mai koyo ya fara da tafki ko madatsar ruwa.

Mataki na 1: Zaɓi girman da ya dace

Da faɗin baki ake auna ta, kuma galibi da inci ake rubutawa a jikin kwalin. Ga ƙaramin kwalekwale na mutum ɗaya, inci 18 zuwa 24 ya isa, wato kamar santimita 45 zuwa 60. Jirgi mai tsawon mita 4 zuwa 5 yana neman inci 30 zuwa 36. Wanda ya kai mita 6 ko ya wuce, sai inci 48 zuwa sama.

Wannan mafari ne kawai, domin tsawon jirgi ba shi kaɗai ba ne abin dubawa. Abin da iska ke bugu shi ne duk abin da ya fito saman ruwa: gefe mai tudu, rumfa, gilashin gaba, har mutanen da ke tsaye. Jirgin alminiyam mara nauyi mai dogon gefe ya fi saurin bin iska a kan jirgi mai nauyi wanda ya zauna cikin ruwa sosai, ko da tsawonsu ɗaya.

Shawarata, in kana wasi-wasi tsakanin girma biyu, ɗauki babbar. Ƙarfin riƙon jaka yana bin faɗin filin bakinta ne, shi ya sa in ka ninka faɗin baki sau biyu, ruwan da take tarewa ninkuwa yake sau huɗu. Jaka mai inci 36 ta fi mai inci 24 riƙo fiye da ninki biyu, duk da a ido bambancin bai kai haka ba. Babbar jaka ana iya rage mata ƙarfi, musamman irin wadda ke da zariya a gindi da ake buɗewa a tsuke, amma ƙarama in ta gaza ta gaza. Wanda ke da hali, jaka biyu matsakaita sun fi ƙatuwa ɗaya amfani, za ka ga dalili a ƙasa.

Sannan ka duba ɗinki. Madaurin da ke riƙe bakin jakar ya kasance an ɗinka shi har cikin jikinta, domin a nan take fara yagewa. Masu kyau suna da abu mai iyo a leɓen sama da ɗan nauyi a leɓen ƙasa, sai su buɗe nan take ba tare da murɗewa ba.

Mataki na 2: Haɗa igiyoyi tun kana gaɓa

Igiya biyu ake bukata. Ta farko ita ce babbar da ke tasowa daga madaurin baki zuwa jirgi, mita 2 zuwa 4 ta wadatar a ruwa mai sauƙi. Ta nailan ta fi, don tana ɗan miƙewa ta shanye fizgar raƙuman ruwa. Ta biyu siririya ce da ake ɗaurawa a gindin jakar, ita ce ta janyowa. Lallai ta fi babbar tsawo ta kuma kasance a sake, in ba haka ba za ta riƙa jan gindin jakar tana zubar da ruwan da kake son ta tare. Ka sa wani abu mai iyo a mahaɗar igiya da madauri, don kada jakar ta nutse ta maƙale a kututture, kuma in ta kuɓuce ka gan ta.

Mataki na 3: Inda ka ɗaura shi ne komai

Nan ne mutane suka fi kuskure, kuma nan ne gwanintar take.

In ka ɗaura a goshin jirgi, goshin zai juya ya fuskanci iska, jirgin ya riƙa ja da baya a hankali. Wannan ne ya fi rage gudu, kuma shi ya fi aminci idan ruwa ya harzuƙa, domin goshi aka ƙera don sara raƙuman ruwa.

In ka ɗaura a tsakiyar gefen da iska ke bugowa, jirgin zai riƙa tafiya a karkace, da haƙarƙarinsa. Ga mutum biyu ko uku wannan ya fi daɗi, kowa ya saki zarensa ta gefen da iska ke fitowa, zaruruwan su jeru ba su harɗe ba, ku share fili mai faɗin tsawon jirgin. Matsalar ita ce jaka ɗaya a tsakiya takan bar jirgi yana jujjuyawa, musamman goshi da ba shi da nauyi. Amfanin jaka biyu ke nan: ɗaya kusa da goshi, ɗaya kusa da baya, duka a gefen iska. Yawanci babbar a goshi ake sa ta, tunda shi iska ta fi turawa, baya kuwa ƙafar inji da ke cikin ruwa tana ɗan riƙe shi.

Ɗaurawa a baya kaɗai, ina roƙonka kada ka yi shi in akwai raƙuman ruwa. Jakar za ta juyo da bayan jirgi ya fuskanci iska, ta kuma danne shi ƙasa, ruwa ya riƙa kwararowa ta wajen inji, inda gefe ya fi gajarta. Haka nan a ƙaramin kwalekwale, ɗauri a tsakiyar gefe yana iya kifar da kai. A nan, kai igiyar can ƙarshen goshi, ka yi ƙullin da zai kwance da fizga ɗaya. Kada ka taɓa naɗa igiyar a hannu ko ƙafa, ka ajiye wuƙa kusa, rigar da ke hana nutsewa kuma ta kasance a jikinka.

Mataki na 4: Saki jaka, ka karanta zarenka

Tuƙa jirgi ka wuce wurin da kake nufi ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka ba da tazara don jakar ta samu buɗewa kafin ka iso kan kifin. Kashe inji. Sa gindin jakar cikin ruwa tukuna, sannan baki, ka riƙa sakin igiya kaɗan-kaɗan har ka ji ta yi nauyi. Kada ka dunƙule ta ka wurga, murɗewa za ta yi.

Yanzu ta yaya za ka san gudun ya yi daidai? Mai na'urar GPS ko waya zai ga adadi. Ga abinci mai rai da ake ja a ƙasan ruwa, kilomita 1 zuwa 1.5 a awa ma'auni ne mai kyau. Amma ni zare na fi yarda da shi. In ya shiga ruwa a tsaye ko da 'yar karkata da ba ta wuce digiri 45 ba, kana kuma jin dalma tana taɓa ƙasa jifa-jifa, ka samu. In ya kwanta can nesa ka daina jin ƙasa, gudu ya yi yawa: tsuke zariyar gindi, ko ƙara jaka ta biyu, ko mayar da ɗaurin kusa da goshi. Mutane da yawa dalma suke ƙarawa a wannan hali, alhali dalma mai nauyi tana rage maka jin lokacin da kifi ya taɓa. Gara ka gyara jirgin.

Akwai kuma wata dabara: karkatar da inji hagu ko dama, ko da a kashe yake, yana ɗan sauya hanyar da jirgi ke bi. Da wannan kana iya bin bakin zurfi ba ka kunna komai ba.

Masu jan ƙugiya da inji a kunne su ma suna amfana, idan injin ya ƙi sauka zuwa gudun da suke so. Sai a sa jaka biyu masu girma ɗaya, hagu da dama, a ɗaura daga goshi da gajeriyar igiya yadda ko sun miƙe ba za su kai farfela ba. Ka tabbata yadin mai kauri ne, wannan aikin yana cin jaka.

Mataki na 5: Janyowa da ajiya

Kada ka yi kokawa da babbar igiya, ruwan da ke cikin jakar ya fi ƙarfin bayanka. Ja siririyar, jakar ta juya ta zubar da ruwanta ta zo ba nauyi. Kuma ka mai da shi ɗabi'a: hannunka ba zai taɓa makunnin inji ba sai ka ga jakar a cikin jirgi. Mantuwa a nan tana jawo igiya ta naɗe farfela ko maɗaurin jirgi ya ɓalle.

In ka koma gida, ɗauraye ta da ruwan daɗi, musamman in a teku ka yi aiki, ka shanya ta ta bushe sarai kafin ka naɗe. Jiƙaƙƙiyar jaka tana yin fumfuna, tana kuma iya ɗauko ƙwayayen ciyawa da ƙananan halittu daga wannan tafki ta kai su wani.