Liƙi da dalma: zafin da kuza take so

Abin da masu gyaran salula da rediyo a Yamai suke kira dalma, gauraye ne na kuza da dalma. Kuza zalla, irin wadda ake tacewa daga dutsen da ake haƙowa a Elmeki cikin Abzin, tana narkewa a digiri 232, dalma zalla a 327. Idan aka haɗa kuza kashi 63 da dalma kashi 37, narkewar sai ta sauko zuwa 183, kuma ta daskare nan take. Mai 60/40 tana fara laushi a 183, ba ta gama narkewa sai wajen 190, shi ya sa ba ta son motsi lokacin da take hucewa. Salulolin yanzu galibi da marar dalma ake liƙe su, wadda ke narkewa wajen 217 zuwa 220. Duba rubutun jikin naɗin dalmar kafin ka saya.

Sa ƙarfen liƙi tsakanin digiri 320 da 350 ga mai dalma, 350 zuwa 370 ga marar dalma. Ratar da ke tsakanin wannan zafi da na narkewar dalma tana da dalili: jan ƙarfen da ke cikin wayar wuta yana jan zafi fiye da kuza kusan sau shida, yana kwashe shi daga wurin liƙi zuwa sauran waya.

Kankare waya har ta yi haske, domin ƙurar hunturu da tsatsa suna hana kuza kamawa. Shafa man liƙi kaɗan, wato man da ke cinye tsatsa ya sa dalma ta kama. Goge bakin ƙarfen da soso mai danshi, ka sa masa ɗigon dalma don zafi ya ratsa. Sai ka ɗora bakin a kan waya da wurin da za ta zauna lokaci guda, ka jira daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ka taɓa dalmar da wayar, ba da ƙarfen ba. Nan mafi yawan yaran shago ke kuskure: su narka ta a bakin ƙarfe su ɗiga a kan waya mai sanyi, ta dunƙule ba ta kama ba, daga baya wuta ta riƙa yankewa. Janye dalma tukuna, sannan ƙarfen. Kada ka hura, kuma ka kawar da fanka daga kan aikin ko da ana tsakiyar zafin Afrilu.

A kan allon salula kada ka wuce daƙiƙa uku zuwa huɗu, in ba haka ba siririn layin jan ƙarfe ya ɗago. Ƙarfe mai wat 25 zuwa 30 ya isa. Wayar sola mai kauri kuwa tana son wat 60 zuwa 100, ƙaramin ƙarfe zai ƙona robar waya kafin cikinta ya ɗauki zafi.

Liƙi mai kyau yana kwanciya sumul. Na marar dalma ba ya ƙyalli sosai, wannan ba aibi ba ne.

Hayaƙin da ke tashi na man liƙi ne, yana damun huhu, a yi aiki inda iska ke shiga. Gubar dalma kuwa ta hannu take kaiwa baki, kuma yara ta fi cutarwa. Kada a riƙe ta da haƙori, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci ko shan shayi.