Yadda ake zaga gandun dajin Kruger da mota

Bakatsinen da tafiya ta kai shi Afirka ta Kudu, ga yadda zai yi.

Da farko ka yi sammako, ka riƙe fasfo, ka biya kuɗin shiga a ƙofa. Da sanyin safiya namun daji suka fi fitowa, da rana ta take sai su shige inuwa.

A hannun hagu ake tuƙi can, ka manta da na hanyar Daura. Kada ka wuce kilomita 50 a awa kan kwalta, 40 kan burji.

Ba a sauka daga mota sai inda aka keɓe, ko sallah ce ka bari sai ka isa sansani, wato masaukin baƙi da ke cikin gandun. Giwa ta tare hanya? Ja da baya a hankali, ban da danna hon. Birai kuwa, kada ka ba su komai.

Ka fito kafin a rufe ƙofa da yamma, ana cin tarar wanda ya makara.