Yadda Ake Fita Yawo da Kare Kullum Ba Tare da Ja-in-ja Ba

Duk mai kare ya san wannan lokacin: ka nufi inda igiya take rataye, kafin hannunka ya kai gare ta ya riga ya miƙe, jela na kaɗawa, idonsa na kanka. A cikin awa 24, babban kare yakan kwashe 12 zuwa 14 yana barci, sauran lokacin kuma rabinsa jira ne, fitar nan yake jira. In ba a fita da shi ba, ƙarfin da ya taru a jikinsa sai ya nemi mafita da kansa. Ya tauna takalmi, ya tone ƙasa, ya kwana yana haushi. A ce kare ya lalace, alhali zaman wuri ɗaya ne ya ishe shi.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: yawon kare na hanci ne kafin ya zama na ƙafa. Wanda ya gane wannan, sauran matakan za su zo masa da sauƙi.

Mataki na farko: a ga likita kafin a ga titi

In kwikwiyo ne, kada ka yi gaggawar sa ƙafarsa a hanyar da kowane kare ke bi. Allurar rigakafi ana fara ta ne yana da mako 6 zuwa 8, a ci gaba da maimaitawa har ya kai kimanin mako 16. Kafin ta cika, jikinsa a buɗe yake ga cutar fabo, wadda ke kawo amai da zawo da jini, ta kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ƙwayar cutar tana iya yin watanni a cikin ƙasa inda mai ɗauke da ita ya yi kashi, shinshinawa kawai ta isa. A wannan tsakanin ɗauke shi a hannu ka zaga da shi, ya ji ƙarar mota, ya ga mutane, ya saba da duniya ba tare da ya taka ƙasa ba.

Allurar ciwon haukan kare kuwa ba abin sasantawa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kuma kusan duka daga cizon kare ne. Da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Ka yi masa ita a kan lokaci, ka adana katin, ka tambayi likitan dabbobi ranar maimaitawa. A wannan zuwan ka haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska da ƙuma.

Mataki na biyu: kayan fita

Ba su da yawa. Igiya mai tsawon mita ɗaya da rabi zuwa biyu, abin wuya ko ɗamarar ƙirji, leda ta kwashe kashi, ruwa, da 'yan gutsattsarin abin da yake so a aljihu don tukuici. Abin wuya ya zauna yadda yatsunka biyu za su shiga tsakaninsa da fata. In ya fi haka sakewa zai zame ta kai, in ya fi haka matsewa zai shaƙe shi. A liƙa masa ɗan ƙarfe mai lambar wayarka, don ranar da igiya za ta suɓuce.

Ni na fi son ɗamarar ƙirji, musamman ga kare mai ja da kuma masu gajeren hanci irin su buldog da fog, waɗanda dama numfashinsu da ƙyar yake. Duk fizgar da aka yi da abin wuya a maƙogwaro take sauka. Igiyar nan mai naɗe kanta a cikin gidan roba kuwa, ka bar ta sai ya ƙware, domin tana koya wa kare cewa in ya ja zai samu ƙarin tsawo, kuma in ya zabura da ƙarfi siririn zaren yana iya yanka yatsa. Sarƙa mai shaƙewa da mai ƙayoyi ba na ba kowa shawarar su.

Mataki na uku: zaɓen lokaci

Ka tsayar da lokaci biyu, safe da yamma, ka riƙe su. Kare yana karanta ranarsa ne da abin da ya saba, kuma cikinsa da mafitsararsa suna bin wannan tsarin. In ya san akwai fita da safe, zai riƙe har safen.

Zafi shi ne babban abin tsoro. Kare ba ya gumi a duk jiki kamar mutum, sai kaɗan ta tafin ƙafa. Da haki yake sanyaya kansa. Zafin jikinsa na lafiya ma ya fi namu, wajen digiri 38 zuwa 39 a ma'aunin Salshiyos, saboda haka tazarar da ke tsakaninsa da haɗari ba ta da yawa. Kafin ku taka kwalta ko siminti a ranar zafi, ɗora bayan hannunka a kai ka ƙirga bakwai. In ba ka iya jurewa ba, shi ma tafin ƙafarsa zai ƙone, kuma ba zai faɗa maka ba, zai ci gaba da bin ka ne kawai. In ka ga haki ya wuce kima, harshe ya zazzago ya yi faɗi, miyau na dalala, dasashi ya yi jawur, ko yana tangaɗi, to tafiya ta ƙare. Kai shi inuwa, jiƙa masa jiki da ruwa mai sanyi, ba shi ya sha kaɗan-kaɗan, ka nufi likita ko da ka ga kamar ya farfaɗo.

Kada kuma a fita guje-guje da cikakken ciki. Manyan karnuka masu zurfin ƙirji suna fuskantar kumburi da murɗewar tumbi, ciwon da ke kisa cikin awoyi. A bar aƙalla awa ɗaya tsakanin cin abinci da motsi mai ƙarfi, ko a fita tukuna a dawo a ci.

Mataki na huɗu: yawo daga bakin ƙofa yake farawa

Nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. Kare yana tsalle, yana kuka, mai shi yana kokawar sa masa igiya, ƙofa na buɗewa ya fice kamar kibiya. Wanda ya fita a haka, a haka zai yi tafiyar duka. Ɗauki igiya ka tsaya. In ya yi tsalle, ajiye ta ka juya. In ya zauna, sa masa. Kama ƙofa, in ya zabura, mayar da ita ka jira. Kwanakin farko za ka iya ɓata minti goma a nan, ka ɗauke su a matsayin wani ɓangare na yawon.

A kan hanya doka ɗaya ce: igiya ta miƙe, tafiya ta tsaya, igiya ta saki, tafiya ta ci gaba. Da ya ja, ka tsaya cak, ba tsawa, ba fizga. Zai ƙara ja, zai juyo ya dube ka yana mamaki. Da ya dawo taku ɗaya igiya ta yi lanƙwasa, ka ce "yauwa" ka ci gaba. In ya nace, juya ka nufi inda kuka fito, ya biyo ka, sannan ku sake juyowa. Duk sanda ya zo gefenka da kansa, ko ya ɗago ya kalle ka, miƙa masa tukuici nan take, a daidai gefen ƙafarka inda kake so ya riƙa tafiya. Gaggawar ba da shi tana da muhimmanci, domin kare yana haɗa lada ne da abin da ya yi a wannan daƙiƙar. In ka tsaya laluben aljihu har ya juya ya fara wani abu, wancan abin ka saka masa.

Dalilin jan ba taurin kai ba ne. Takun kare ya fi na mutum sauri, kuma duk lokacin da ya ja ya kai inda yake so, ya koyi cewa ja yana biya. Aikinka shi ne ka sa ya daina biya. Abin da ke rushe wannan horo shi ne yau a hana, gobe a bari don ana sauri, ko kuma kai ka hana wani a gidan ya bari. Ku zauna ku daidaita, kowa ya bi doka ɗaya da kalmomi iri ɗaya. Ranar da ba ka da lokacin tsayawa, gara ku yi gajeren yawo mai kyau da ku yi dogo yana jan ka.

Duka kuwa, ko harbi da ƙafa, abin da yake koyarwa shi ne tsoron hannunka. Karen da ke tsoro ya fi kowane kare kusa da cizo.

Mataki na biyar: bar shi ya shinshina

Mutum yana da ƙwayoyin jin ƙamshi kimanin miliyan 6 a hancinsa. Wasu karnukan suna da har kusan miliyan 300. Gindin bishiyar da kai ba ka ga komai a ciki ba, shi yana karanta wane kare ne ya wuce, namiji ne ko karya, ɗazu ne ko jiya. Fitsarin da yake ɗigawa nan da can shi ma saƙo yake bari ga na baya. Abin yana ba ni tausayi in ga ana jan kare daga kowane wurin da ya sa hanci, mai shi ido na kan waya, burinsa kawai a zagayo a koma. An motsa masa ƙafa, amma an hana shi abin da ya fito nema.

Ga yadda nake raba tafiyar. Da mun fito, ina barin sa ya yi fitsari da kashi, ya shinshina na kusa. Sai mu yi tafiya mai ɗan sauri yana gefena. In mun kai wuri mai ciyawa ko bishiyoyi, na ce "je ka", na saki igiya iya tsawonta, na bi shi duk inda hancinsa ya nufa matuƙar ba haɗari. In lokaci ya yi na ce "mu je". Cikin 'yan makonni ya san kalmomin biyu, kuma da ya tabbata lokacin shinshina yana nan tafe, jan da yake yi a sauran hanyar ya ragu da kansa. Za ka lura cewa minti 20 na shinshina yakan kwantar da kare fiye da doguwar tafiyar da aka yi a guje. Lokaci-lokaci ka sauya hanya, ko ku bi ta yau da kullum ta baya, sabon wari ne a wurinsa.

Sai dai idonka ya riga hancinsa isa ƙasa. Mushe, ƙashi, guba da aka zuba don ɓera, fasasshiyar kwalba, duk suna kan hanya. Koya masa "bari" tun a gida: rufe abu a tafin hannu, in ya daina lasa ya ja baya ka ba shi wani daga ɗaya hannun. Kashinsa kuma ka kwashe, ko ana ganin ka ko ba a gani. Ƙwan tsutsar da ke ciki yana daɗewa a ƙasa, kuma yaran da ke wasa a wurin su ne suke kwasa.

Mataki na shida: in kun haɗu da wani

Ba kowa ne ke son kare ba, wani tsoro yake ji, wani kuma ba ya so ya taɓa shi, kuma kowa yana da haƙƙin wucewa lafiya. Rage igiya, sa shi ta gefen da ya fi nisa da mai tahowa, ka shiga tsakani. "Ai ba ya cizo" ba ta kwantar wa mai tsoro da hankali, tazara ce take yi. Yaro in ya roƙi taɓawa, sai in ka san karenka sarai, kuma ya shafa ƙirji ko kafaɗa, kada ya ɗora hannu ta saman kai.

Da wani karen kuwa, ka koyi karanta jiki. Kaɗa jela ba kullum yake nufin murna ba. Jiki a sake, jela na lilo har da ƙugu, wannan lafiya. Jiki a sandare, jela a tsaye tana rawa kaɗan-kaɗan, ido ƙur, gashin baya a miƙe, wannan ka ja da baya. Hamma ba tare da barci ba, lashe leɓe, kau da kai, cusa jela tsakanin ƙafafu, duk yana cewa ne a fitar da shi daga nan. Tsallaka hanya ko juyawa ba abin kunya ba ne. Kada ka hukunta shi don ya yi gurnani, domin gargaɗi ne. In ka kashe gargaɗin, gaba sai cizo ba sanarwa. Karen da ya taɓa kai hari a saba masa da takunkumi mai raga, wanda zai iya haki da shan ruwa a ciki. In kuwa tsautsayi ya faru aka ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Mataki na bakwai: dawowa gida

Ba shi ruwa, sannan ka duba shi da hannu. Ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa tsakanin yatsu don ƙaya ko tsaga. Shafa bayan kunne, cikin kunne, wuya, hammata da gindin jela, nan kaska take maƙalewa. In ka same ta, kama ta da matsefata dab da fata ka ja a hankali a miƙe, kada ka matse cikinta, kada ka ƙona ta. Abin da ka gani a hanya ma ka riƙe shi: zawo, jini a fitsari, ɗingishi, ko gajiya da wuri ga karen da ya saba zabura. Mai fita da kare kullum shi ke fara ganin ciwo.

Game da tsawon yawo, babu awo ɗaya. Lafiyayyen babban kare yakan buƙaci rabin awa zuwa awa biyu a rana gwargwadon irinsa, na farauta da na kiwo su ne a sama. Kwikwiyo gajeru-gajeru ake yi masa, domin ƙasusuwansa ba su gama ƙwari ba, a manyan iri ma sai ya kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi; kada a sa shi bin keke ko dogon gudu kafin nan. Tsohon kare kuwa kada ka daina fita da shi don ya rage sauri. Gaɓoɓinsa sun fi sandarewa in ya kwanta wuri ɗaya. Rage nisan, nemi ƙasa mai laushi, ka bi takunsa. In iyakar abin da zai iya yau shi ne ya kai bishiyar farko ya tsaya yana shinshina na minti biyar, ka tsaya tare da shi har ya gama, sannan ku juyo.