Kurakuran da masu ƙera ƙananan motocin yaƙi suka fi yi wajen fenti

Samarin da ke ƙera tankar yaƙi da motar sulke da gwangwani ko kwali a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa suna da hannu, ba a magana. Yaro zai lanƙwasa kwano ya fitar da bakin igwa da sarƙar ƙafa tsaf, sai an zo fenti aikin ya ɓaci. Abin yana damuna ƙwarai, domin yawanci ba rashin kuɗi ba ne, rashin wanda zai nuna masa ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen koren fenti irin wanda ake shafa wa ƙofa, a ce ai shi ne launin soja. Ba shi ba ne, ƙanena. Koren tuta an yi shi don a hango shi daga nesa, na soja kuwa don ya ɓace wa ido. Launin da sojojin Amurka suka shafa wa tankar Sherman a Yaƙin Duniya na Biyu asalinsa haɗin rawaya mai ƙasa-ƙasa ne da baƙi. Ka gwada da kanka: zuba rawaya a murfin kwalba, ka riƙa ɗiga baƙi kaɗan-kaɗan kana juyawa da tsinke, za ka ga ya koma kamar garin kuka. Idan kore ya yi masa yawa, ɗigon ja yana kwantar da shi. Kuma rawaya ake fara zubawa sannan baƙi ya biyo, domin baƙi yana da ƙarfi, in ya zarce sai ka ƙarar da rawayarka wajen gyara. Wanda ya riga ya sayi kore kada ya zubar, ya sirka shi da ruwan ƙasa har haskensa ya mutu.

Sai rashin tambayar wace shekara ce, kuma a wace ƙasa motar ta yi aiki. Tankokin Jamus baƙi-baƙi ne mai ruwan toka a farkon Yaƙin Duniya na Biyu, amma daga Fabrairun 1943 aka koma rawaya mai duhu, sojoji suna ƙara mata zanen kore da jan ƙasa a fagen fama. Saboda haka wanda ya ƙera tankar Panther ta Jamus, wadda ta fara shiga yaƙi a tsakiyar 1943, rawaya ya kamata ya shafa mata. T-34 ta Rasha kore ce. Tankar Abrams ta Amurka da ta yi yaƙin tekun Fasha a 1991 launin yashi ce. Mafi sauƙi ga mai koyo ita ce motar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya: fara fat, da haruffan UN da baƙi.

Kada ka dogara da hoto ɗaya a waya. Hasken gilashin waya yana ƙara wa launi armashi, kuma kowace waya da yadda take nunawa. Duba hotuna uku ko huɗu, ka shafa haɗinka a ɓallin gwangwani, ka bari ya bushe, ka duba shi da rana a inuwa. Fitilar sola da dare tana ruɗin ido.

Akwai abin da ba kowa ya sani ba. Launin da ya dace da tanka ta gaske yakan yi wa ƙaramarta duhu, har ƙofofi da ƙusoshin da ka sha wahala a kansu su ɓace. Iya ƙanƙantar abin, iya buƙatarsa ga ɗan fari ko rawaya a cikin haɗin.

Sheƙi ma matsala ne. Fentin mai da ake samu a kasuwar Wudil ko Dambatta yawanci mai ƙyalli ne, motar soja kuwa ba ta ƙyalli. Ɗan garin hodar jarirai a cikin haɗin yana kashe shi, amma kaɗan, in ya yi yawa fentin zai yi gari-gari.

Gwangwani a wanke shi da sabulu, a kankare tsatsa, a yi masa shafen farko kafin launi, in ba haka ba fenti zai ɓare. Shafa siriri sau biyu ya fi mai kauri sau ɗaya. Lokacin hunturu kuwa a kife kwali a kan aikin har ya bushe, don ƙura ba ta barin ɗanyen fenti.