Yaro Ya Karanta, Amma Ya Gane? Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Koyar da Labarin Haɗin Kai

A aji biyu ko uku na firamare ba wuya ka samu yaron da zai karanta shafi guda babu gargada, amma da ka rufe littafin ka ce masa wa ya yi me, sai ya tsaya yana kallonka. Haɗa baƙi da wasali fanni ne guda, fahimtar abin da aka karanta wani fannin ne, kuma na biyun shi ne aka fi sakaci da shi. Labarin haɗin kai yana cikin abubuwan da suka fi dacewa da wannan aiki, domin a cikinsa aikin kowa yana rataye da na wani, dole yaro ya bi sawun mutane da yawa da dalilansu. Sai dai mu malamai da iyaye mukan ɓata shi ta hanyoyin da suke kama da juna daga makaranta zuwa makaranta.

Ga ɗan gajeren labari da za mu riƙa aunawa da shi:

"Da la'asar iska ta taso, ta yaye jinkar rumbun Baba Audu ta jefar bayan danga. Gero na ciki a buɗe. Baba Audu ya tsufa, sai duban gabas yake yi yana tafa hannu. Tanko, wanda ya fi duk yaran unguwar ƙarfi, ya ce shi kaɗai zai mayar da ita. Ya ɗaga gefe guda, ɗaya gefen ya kafe a ƙasa. Ya zagaya can, nan ya faɗi. Ladi ta ruga ta kira Sani da Habu. Tanko bai ce uffan ba, ya matsa musu wuri. Bala, autan cikinsu, ba ya iya ɗauka, sai ya je ya kwanto igiyar guga. Suka ɗaga tare, Baba Audu ya ɗaure. Ana gamawa yayyafi ya sauko."

Babban kuskure shi ne gaggawar zuwa darasi. Ana kai aya ta ƙarshe sai malam ya ce, "To yara, me muka koya?" Aji duka ya ɗauka: "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka!" Malam ya ji daɗi, ya rubuta a allo, a kwafa, a tashi. To amma yaron Bahaushe ya san wannan karin maganar tun kafin a sa shi makaranta. Ya ji ta a bakin kakarsa, ya ji ta a rediyo. Ko barci yake yi lokacin da ake karatun, in aka tashe shi zai iya faɗinta. Amsar ba ta nuna cewa ya bi labarin ba. Maganinsa a jinkirta tambayar darasi har ƙarshe, wani lokacin ma a bar ta sai washegari. A fara da abin da ya faru: me iska ta yi, wa ya fara gwadawa, me ya hana shi, wa ya kawo shawara. Idan daga baya yaro ya kawo karin maganar, a ce masa, "Madalla. Nuna mini layin da ya sa ka faɗi haka." Wanda ya ɗora yatsa a kan "Ya zagaya can, nan ya faɗi" ya karanta da hankalinsa. Wanda ya kasa, ka san inda aikinka yake.

Kusa da wannan akwai karatun amshi. Malam ya karanta jimla, aji ya maimaita, sau uku sau huɗu, har a haddace. Hadda tana da muhallinta, kuma mun gaje ta da daraja, amma a nan tana rufe wa malam ido. A ajin da yara suka cika maƙil, 'yan gaba ne suke karatu, na baya bakin 'yan gaba suke bi. Haka ma tambayar nan ta "Kun gane?" Ba a taɓa amsa ta da a'a ba. Tarbiyyarmu ba ta bar yaro ya ce wa babba bai fahimce shi ba, don haka "Mun gane, Malam!" ladabi ne kawai. A maimakonta, a ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya ba shi labarin da bakinsa, littafi a rufe, malam yana zagayawa yana saurare. Cikin mintuna kaɗan za ka ji wanda ya manta da Bala gaba ɗaya, da wanda ya sa ruwa ya sauko kafin a ɗaure jinka.

Sai irin tambayoyin da muke yi. Mafi yawansu amsarsu na kwance a fili: rumbun wa, me ke ciki, wa ya kawo igiya. Suna da amfani, da su ake farawa, amma yaro mai wayo yana iya amsa su ta hanyar farautar kalma ba tare da ya fahimci komai ba. Ya ga "igiya" a tambaya, ya nemo "igiya" a shafi, ya kwafe jimlar. Tambayar da ke gina fahimta ita ce wadda marubucin bai rubuta amsarta ba, ya dai bar alama. Me ya sa Baba Audu yake ta duban gabas? Babu kalmar hadari ko ɗaya a labarin, amma duk yaron da ya ga damina a ƙasar Hausa ya san ta gabas hadari yake haɗowa. Idan ya haɗa abin da ya sani da abin da ke shafi, ya ce, "Malama, ruwa yake tsoro, kada geronsa ya jiƙe," to ya yi ainihin abin da ake kira fahimta. Me ya sa Tanko bai ce uffan ba? Wani zai ce kunya ce, wani zai ce fushi ne, wata ta ce ai gajiya ya yi. Kada malam ya yi saurin yanke hukunci. A bar su su yi gardama, da sharaɗin kowa ya kawo hujja daga labarin. Mai cewa fushi ne sai a tambaye shi, mai fushi yana matsa wa mutane wuri? Ni a ganina minti biyar na irin wannan muhawara ya fi cika shafi biyu da tambayoyin cike gurbi.

Akwai kuma tambayar "da a ce". Da a ce Bala bai zo ba, me zai faru? A nan ne yara suke gano da kansu cewa ƙaramin da bai ɗaga komai ba, ba don igiyarsa ba da iska ta sake yaye jinkar. Yaran da ake rainawa a aji sukan fi kowa kama wannan wurin.

Batun kalmomi ana kuskure ta fuska biyu. Wasu ba sa bayanin komai. Yaron da ya tashi a Fagge ko Tudun Wada, gidan haya mai rufin kwano, wataƙila bai taɓa ganin rumbu ba balle jinka, kuma idan bai san su ba labarin ya rushe masa tun jimlar farko. Wasu kuma sukan jera kalmomi goma sha a allo da ma'anoninsu, lokaci ya ƙare ba a shiga labarin ba. Uku ko huɗu sun isa, waɗanda labarin ba ya tafiya sai da su. A zana rumbu a allo, ko a tambayi wanda ya taɓa zuwa ƙauye ya bayyana. A makarantar karkara kuwa yaran sun fi malam sanin yadda ake ɗora jinka da yadda ake kiran gayya, sai a ba su fili su faɗa kafin a buɗe littafi. Wani abu da ake rainawa shi ne lanƙwasar baƙaƙe. Malamin da ya rubuta labari a allo ko ya buga a waya ba tare da ɓ, ɗ, ƙ ba ya ƙara wa yaro nauyi, domin "ƙafa" da "kafa" ba abu ɗaya ba ne. Tun da rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, mai karatu dama da ma'anar jimla yake rarrabe kalmomi masu kama. Kada a ƙwace masa ɗan taimakon da ya rage.

Harshe ma kansa matsala ne. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen yankinsa, kuma shirye-shirye irin su Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, a kan karatun Hausa a azuzuwan farko aka gina su. Duk da haka makarantu da yawa, musamman masu zaman kansu, suna ganin ci gaba ne a ba ɗan shekara shida labari da Turanci, kamar yadda ake yi da Faransanci a Nijar. Yaron da ke fama da harshen da bai iya ba, ba shi da sauran ƙarfin tunanin dalilin shirun Tanko. Dabarun bin labari, da hasashe, da kawo hujja, in ya koye su da Hausa zai tafi da su duk harshen da ya shiga. Idan dole ne littafin na Turanci ne, a ƙalla a yi tattaunawar da Hausa.

Abin takaici kuma, sau da yawa ana koyar da labarin haɗin kai a rukunin da babu haɗin kai. A ce a zauna biyar-biyar, sai yarinya ɗaya mai ƙoƙari ta karɓe biro ta yi komai, sauran suna wasa da murfin kwalba. Gyaran ba ya buƙatar kuɗi. A rubuta jimlolin labarin a takarda, a yayyanka, a ba kowane yaro guda ɗaya ko biyu, da dokar cewa ba mai taɓa takardar wani. Kowa zai karanta tasa da ƙarfi, su yi shawara wace ce farko, wace ce ke biye, su jera a kan benci. Wanda bai iya karanta tasa ba dole a taimaka masa, domin in babu ita labarin ba ya haɗuwa. Daga nan a raba matsayi a kwaikwaya: wannan Tanko, wannan Ladi, faifai ko tabarma ta zama jinka.

Amsar da ba daidai ba kuma kada a tarbe ta da tsawa ko bulala, kada a bar aji ya yi dariya. Yaron da ya ce Baba Audu yana duban gabas ne don zai yi salla bai yi shirme ba. Ya yi amfani da abin da ya sani, la'asar ce kuma alƙibla gabas take. A ce masa, "Tunaninka ya yi kyau, yarona. Amma duba jimlar da ke gabanta, me ke buɗe a cikin rumbu?" Sai ya gyara da kansa. In aka kunyata shi yau, gobe ba zai ɗaga hannu ba.

A gida ma iyaye na da rabonsu, ko da ba su yi boko ba. Uwar da ke yi wa 'ya'yanta tatsuniya da dare tana iya tsayawa a tsakiya, lokacin da Gizo ya ƙulla dabararsa, ta ce, "Kai Auta, me kake jin zai yi yanzu? Me ya sa?" Idan yaro ya dawo da littafi daga makaranta, a ce ya karanta sannan ya rufe ya ba Baba labarin, Baba kuma ya riƙa tambaya kamar bai gane ba: wa ya kira su, ina aka samo igiyar, shi babban yaron me ya ce da suka zo.