Raba allo gida biyu: inda masu rubutu a kwamfuta suke tuntuɓe

A shagunan buga takardu na Gwallameji da Yelwa a Bauchi, musamman lokacin da ɗaliban foli da na ATBU ke rububin kammala furojet, da wuya ka leƙa allo ba ka gan shi a rabe ba, rubutu a hagu, rubutu a dama. Dabarar tana rage wahala ƙwarai. Sai dai yawancin asarar da ake tafkawa da ita tushenta ɗaya: mutum bai tantance ko fayil ɗaya ne aka nuna masa sau biyu, ko fayil biyu ne masu kama da juna ba.

VS Code da Notepad++ manhajojin rubutu ne a kwamfuta, kamar Word. Idan ka danna Ctrl da \ a VS Code, ko ka zaɓi Clone to Other View a Notepad++, ko New Window a Word, ba kwafi aka yi maka ba. Ɗaki ɗaya ne aka huda wa taga ta biyu. Abin da ka goge a dama ya gogu a hagu nan take. Wasu sukan ce bari su bar na hagu a matsayin na asali, su yi ta yanke-yanke a na dama, sai bayan an adana an rufe a nemi na asalin a rasa. A dogon rubutu ba a farga da wuri, domin hagu na babi na ɗaya, dama na babi na huɗu, ido ba ya ganin ɓarnar. Gwajin mai sauƙi ne. Koma layin farko a ɓangarorin biyu, ka buga harafi ɗaya a dama. In ya fito a hagu, fayil ɗaya ne. Mai son tsohon rubutunsa ya tsira, sai ya yi Save As da sabon suna tun bai taɓa komai ba.

Akasin wannan ma ya fi cin rai. Ɗaliba ta kawo filas ɗauke da babi na uku, a kwamfutar shagon kuma akwai wani babi na uku da ta bari tun makon jiya, suna iri ɗaya. Yaron shago ya buɗe duka biyun gefe da gefe, ya gyara jadawali a wannan, ya gyara lambobin shafi a wancan, a zatonsa abu ɗaya yake gyarawa. Aka buga ɗaya, aka kai wa malam, rabin gyaran da ya yi da jan biro na nan yadda yake. Manhajar kuwa tana faɗin gaskiya ga mai dubawa. Notepad++ na nuna cikakken wurin da fayil yake a saman taga. VS Code na ƙara sunan folda kusa da sunan fayil idan sunaye biyu suka zo ɗaya. Word kuma na liƙa 1 da 2 a ƙarshen suna idan takarda ɗaya ce a taga biyu. In babu lambobin nan, takardu biyu ne a hannunka.

In an riga an yi kwaɓar, kada a zauna bin layi-layi da ido. Ido na gajiya, ya tsallake waƙafi da sifili. A Word akwai Compare ƙarƙashin Review. A VS Code ka danna dama a kan fayil na farko ka zaɓi Select for Compare, a na biyu Compare with Selected, ta shafa wa duk layin da ya bambanta launi. Masu Vim, wata manhajar rubutun, suna da vimdiff. Notepad++ ce ke buƙatar a ƙara mata ComparePlus daga Plugins Admin, abin da ke cin ɗan data sau ɗaya kawai.

Sai matsalar ƙaramin allo. Galibin laftof na hannu da ake saya a Wunti allonsu ɗigo (pixel) 1366 a faɗi da 768 a tsaye ne. Raba shi biyu, kowane ɓangare ya tashi da 683, a haka ma jerin fayiloli na gefe ya cinye nasa kaso. Nan za ka ga mutum ya ƙanƙance rubutu har sai ya kafa hanci a allo. Ba sai an yi haka ba. A VS Code, Ctrl da B na ɓoye jerin gefen, Alt da Z na naɗe dogon layi ya sauko ƙasa. A ganina ma, kan irin wannan allo raba gida uku wahalar banza ce. Ga wani ɗan abu da ke ɓata wa sababbi lokaci: laftof da ta fito daga Ingila, alamar \ ba ta saman Enter kamar ta Amurka, tana ƙasa ta hagu, jikin Z.

Buga rubutu a ɓangaren da ba shi ake nufi ba, wannan kowa ya sani. Ctrl da 1 ko 2 a VS Code, F8 a Notepad++, Ctrl da w sannan w a Vim, su ke kai ka inda kake so ba tare da lalube da maus ba.

Masu fassara suna da tasu damuwar. Turanci a hagu, Hausa a dama, a kunna Synchronous Scrolling a Word don shafukan su riƙa gangarawa tare. Shafi biyu na farko lafiya lau. Daga nan sai su fara saɓawa, domin Hausar kan fi Turancin tsawo, manhajar kuma nisan gangara take aunawa, ba ta san sakin layi na bakwai a nan shi ne na bakwai a can ba. Ba lalacewa ta yi ba. Kashe haɗin, ka daidaita su da hannu, ka sake kunnawa. Ko kuma tun farko a zuba aikin cikin jadawali mai layi biyu a tsaye, kowane sakin layi da fassararsa a jere ɗaya.

Irin wannan giɓin ne ke sa mutum ya so roƙon masu manhaja su ƙara wani abu, kuma nan ma akwai tuntuɓe. Na farko, roƙon abin da ke akwai. Mutane da dama sun ɗauka Word ba ta iya gefe da gefe saboda Split ɗinta sama da ƙasa kawai take rabawa, alhali New Window da View Side by Side suna nan a View ɗin. VS Code ta samu haɗa gangarar ɓangarori tun 2024; mai tsohuwar siga sabuntawa yake buƙata, ba roƙo ba. A manhajar nan, danna Ctrl da Shift da P ka rubuta split, duk umarnin da ya shafi rabawa zai jeru.

In da gaske babu abin, ƙorafi a guruf ɗin WhatsApp na 'yan aji ba ya isa kunnen kowa. VS Code da Vim da Notepad++ duk a shafin intanet na GitHub suke karɓar buƙatu. Fara da bincike, domin da wuya a ce kai ne na farko. Idan ka tarar wani ya riga ka, danna alamar babban yatsa a kan rubutunsa na farko; buɗe sabuwar buƙata raba ƙuri'u ne kawai, rubuta “+1” a ƙasa kuma ba a ƙirga shi. Ƙirgan na da muhimmanci: a tsarin VS Code, buƙatar da aka ajiye don jin ra'ayin jama'a tana neman ƙuri'a 20 cikin kwana 60 kafin ta shiga jerin ayyuka, in ba ta samu ba a rufe ta. Ƙungiyar ɗalibai ɗaya a Bauchi ta isa haɗa wannan adadi, muddin abin ya dame su da gaske.

Rubutun kansa shi ne inda aka fi faɗuwa. “Ku gyara rabon allo, ba ya da kyau” ba ta gaya wa kowa komai. Faɗi aikin da kake yi: ina fassara, sakin layukan ɓangarorin biyu daidai suke a yawa amma ba a tsawo ba, ina so su gangara sakin layi da sakin layi. Ƙara sigar manhajar, da irin Windows ɗinka, da abin da ka riga ka gwada. Buƙata ɗaya a rubutu ɗaya. Mai cusa biyar yakan rasa duka. Turanci mai nauyi ba sharaɗi ba ne, gajerun jimloli da hoton allo sun wadatar, amma a rufe sunan mai aikin da lambar rajistarsa kafin a ɗora hoton, don kowa a duniya zai iya gani.

Kada kuma a yi ta komawa kowane mako ana tambayar ina aka kwana, balle faɗa. Notepad++ da Don Ho ya fara a 2003 kyauta ce, 'yan sa kai ke riƙe da ita. Vim ta fito a 1991, rabon gefe da gefe bai zo mata ba sai a siga ta 6 a 2001. Roƙon a bari a ciro fayil daga VS Code zuwa tagarsa daban an shigar da shi a 2016, bai tabbata ba sai ƙarshen 2023, duk da dubban ƙuri'un da ya tara. Kafin naka ya iso, maɓallin Windows da kibiyar hagu ko dama yana manna kowace taga a rabin allo tun daga Windows 7, ko da manhajar ba ta san rabawa ba sam.